Injin Fijo ya buga: a sauke ko a sauya?

Wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Kiyawa ya ratsa Jahun ya nufi Gujungu, ranar da kasuwa ke ci, zai ga motocin zamani daban-daban suna wucewa a cakuɗe. Ga Golf cike da fasinja har but, ga Sharon da buhunan riɗi a samanta, ga ƙananan kurkura masu ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Jefi-jefi kuma sai ga akori-kurar Fijo 504, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaure da waya, baya ya durƙusa saboda awaki da buhunan shinkafa, amma tana tafe abinta. Autar irin waɗannan motoci ta kusa shekara 20 da fitowa daga kamfani. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu.

Irin wannan mota ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana fara shan baƙin mai, sai hayaƙi shuɗi-shuɗi ya riƙa fita ta salansa, sai ta kasa hawa tudu da lodi, sai lagireto ya riƙa tafasa tun kafin azahar. Wata rana kuma a ji ƙwas-ƙwas mai nauyi daga ƙasan inji, sautin da babu direban da ke neman a fassara masa shi. Inji ya buga. A jawo ta gareji da igiya, bakanike ya kwance ƙasan inji ya shafa baƙin man da yatsa, ya ga ɓurɓushin ƙarfe yana walƙiya a ciki, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, magana biyu ce. Ko mu sauke shi mu yi masa aiki, ko ka samo Beljiyam mu ɗora."

Mai mota kan ɗauka lissafin kuɗi kawai aka ba shi. Amma in ya kwana biyu yana juya maganar, sai ya tarar ta taɓo abubuwan da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu: me ya halatta mutum ya saya bai ga cikinsa ba, wa ke ɗaukar asarar abin da ya lalace a hannun mai sana'a, kuma abu yana nan a matsayin shi ɗin ne bayan an sauya masa ciki?

Sai an san motar kafin a gane me ya sa zaɓin ke da wuya. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, zamanin Janar Yakubu Gowon. Daga nan 504 ta zama motar gwamnati, motar Alhaji, motar asibiti, motar haya mai zuwa Legas cikin dare. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, ma'aikatan da suka kwaso fayil daga Kano zuwa Dutse da yawansu a cikin Fijo suka iso.

Abin da ya sa ta daɗe yana cikin injin. Mai silinda huɗu ne, lita biyu, a kishingiɗe yake cikin bonet, kuma an ƙera shi yadda hannun silinda, wato bututun da fistin ke kai-kawo a ciki, ana zare shi a sa sabo ba tare da an taɓa uwar injin ba. Babu kwamfuta, babu wayoyin da sai an jona na'ura kafin a san ciwonsu. Kafireto ne da fulogi da sarƙar taimin. Injiniyoyin da suka zana shi sun zana shi ne da niyyar a riƙa kwance shi ana mayarwa, shi ya sa yaron gareji da bai gama firamare ba yake iya haddace shi ƙusa-ƙusa.

Saboda haka gyara ba mafarki ba ne. Za a sauke inji, a wanke shi da fetur a faranti, a ɗauki karanshaf a yi sammako zuwa Kano a kai wa masu injin yanka su goge shi, a biya Kofar Ruwa a sayo metal daidai da yankan, da rin, da fistin, da gasket. In an dace da kayan kirki da hannun kirki, injin zai dawo ya yi shekaru. Matsalar tana cikin wannan "in". Karanshaf yana da iyakar yankan da zai ɗauka, wanda aka yanka sau biyu ko uku ya gama nasa. Kasuwa kuma cike take da jabun kaya a cikin kwali mai kyau, rin ɗin da zai yi wata uku ya saki. Mota za ta yi mako biyu ko uku a kan dutse, mai ita ba ya samun ko sisi, gida kuma ba ya daina cin abinci.

Beljiyam kuwa kwana biyu ne. A sauke tsoho, a ɗora wanda aka ciro daga wata mota a Turai ko wani wuri, a tayar. Da can wannan ce hanyar mai gaggawa kuma mai ɗan hali. Amma tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya bi ta. Ga kuma wata gaskiya da masu sayarwa ba sa son faɗa: motar da Turai ta daina ƙerawa shekaru da dama da suka wuce, ina za ta ci gaba da samo injuna masu ƙarancin tafiya? Mafi yawan abin da ake kira Beljiyam ɗin 504 a yau ya sha ƙurar Afirka ta Yamma, wanka kawai aka yi masa. Wannan ya sa wasu ke tsallakewa gaba ɗaya su ɗora injin wata mota daban, galibi Toyota, a yanka mazauni a yi walda a haɗa da giya. Tsadar fetur ma na tura su can. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kafireton Fijo kuwa bai san an cire tallafi ba.

A nan fiƙihu ya fara shigowa. Injin da ke ajiye a ƙasa a shago, ba a tayar da shi ba, ba a buɗe shi ba, mai saye ba ya ganin komai sai bayansa. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ainihin abin da za a samu ba, hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Malamai sun yi rangwame a kan ɗan ƙaramin rashin sani da ba a iya kauce masa, misalin da suka saba bayarwa shi ne mai sayen gida ba ya tona harsashinsa ya duba. Sai dai a inji, abin da ba a gani ɗin shi ne kayan gaba ɗaya. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan Jahun da Aujara da Harbo, ta yarda a sayi abu bisa siffantawa, in ya zo yadda aka faɗa ciniki ya ɗauru, in ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya saboda tsohon aibin da ya bayyana daga baya. Cewar mai shago "in ka fita da shi ba ruwana" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Garantin kwana bakwai ko mako biyu da wasu 'yan kasuwa ke bayarwa, a ɗora a gwada in bai yi ba a dawo da shi, ya yi kusa ƙwarai da abin da littattafai ke kira cinikin zaɓi. Mai hankali ba ya sayen inji ba tare da shi ba, ko da za a ƙara masa kuɗi. Kuma ya sa a rubuta a rasit, domin baki yakan manta abin da ya faɗa ranar da aka dawo da kaya.

Gyara ma yana da nasa hukuncin, wanda masu gareji da yawa ba su san ya shafe su ba. Malikiyya sun yi fice da cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a, kamar tela da marini, in ya karɓi kayan mutum ya tafi da shi wurin aikinsa, shi ke da lamunin abin da ya ɓata ko ya lalace, sai in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Asali wanda aka ba amana ba ya biya, amma aka ware masu sana'a saboda maslahar mutane, don kada dukiya ta riƙa salwanta a hannunsu kowa na cewa ƙaddara ce. Da wuya a ga dalilin da zai fitar da bakanike daga wannan layi. Wanda ya karɓi kuɗin metal na asali ya sa jabu, ko ya bar yaro ya ɗaure ƙusoshin kan silinda da ka, injin ya sake bugawa a hanyar Shuwarin, "Allah ne ya kawo" ba ta isa ta rufe maganar ba. Allah ne ya kawo, haka ne, amma ta hannun wani ya kawo.

Duk wannan lissafi ne da hukunci. Abin da ya fi wuya shi ne motar da ba ta haya ba ce. A Dutse da Kano da Haɗeja akwai gidajen da 504 salun ke fake a ƙarƙashin rumfa, ta marigayi ce, da ita ya kai matarsa asibiti, da ita aka raka shi filin jirgi shekarar da ya sauke farali. Ɗan da ya gaje ta in aka ce masa a cire injin a ɗora na Toyota, sai ya ji abin ya tsaya masa a wuya. Zai ce, "To ai ta tashi daga motar Baba." Ƙaninsa kuma ya ce, "Yaya, tayoyin nan na Baba ne? Batir fa? Kujerun nan sau nawa aka sake musu rufi?"

Gardamar 'yan'uwan nan ta girmi mota da kusan shekara dubu biyu. Plutarch, marubucin Girka na ƙarni na farko zuwa na biyu miladiyya, ya ba da labarin jirgin ruwan gwarzonsu Theseus, wanda mutanen Atina suka adana zuriya bayan zuriya. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin nan shi ne dai, wasu na cewa an daɗe da rabuwa da shi. Ba a raba gardamar ba har yau, sai dai kowace al'umma tana amsa ta da aikinta. Masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun tsaya a kan ƙarfe: motar da lambar injinta ta dace da wadda kamfani ya rubuta ranar da ta fito ta fi tsada nesa ba kusa ba, ko da ba a hawanta sai ranar baje koli. Mutanen Kuba sun tsaya a ɗaya gefen. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu, kayan gyara suka yanke, don haka Chevrolet da Ford na shekarun 1950 da ke jigilar fasinja a Havana yau da yawansu injin dizal na Hyundai ko Toyota ko Mercedes ne a cikinsu. Babu direban Havana da ke jin ya ci amanar kakansa.

Musulunci bai raina ƙaunar da mutum ke yi wa abin da ya gada ba. Bukhari ya ruwaito cewa ƙoƙon shan ruwan Annabi (SAW) ya tsage aka ɗaure tsagin da azurfa, kuma an gan shi a wurin Anas ɗan Malik bayan wafati, yana adana shi. Wannan daraja ce ta Annabi da babu mahaifin da ya kai ta, amma ta nuna ɗinke abu a riƙe shi saboda mai shi ba baƙon abu ba ne. Sai dai da aka zo maganar yi wa mahaifi biyayya bayan rasuwarsa, misalin da Muslim ya kawo ya bi wata hanya daban. Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiya suka ga kyautar ta yi yawa, sai ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Ɗan Umar ya girmama mahaifinsa ne da rabuwa da abin hawa. Magajin da ya bar mota tana ruɓewa a rumfa shekara goma don kada a taɓa injin Baba, alhali ƙannensa mata ba a ba su rabonsu daga ƙimarta ba, ya kamata ya sake duba wa yake yi wa biyayya.

Hukuncin da ya fi kusa da wannan tambaya kai-tsaye yana babin waƙafi, kuma ɗaliban zaure suna wuce shi da sauri don suna ganin zamaninsa ya shuɗe. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 996 miladiyya, ya kawo cewa gida ko filin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi ko da ya rushe, amma dokin waƙafi in ya kamu da ciwon da ya hana a amfana da shi, sai a sayar a sa kuɗin a wani dokin, ko a taimaka da su wajen sayen wani. Muhtasar na Halil ya faɗaɗa wannan ga duk abin da ake iya ɗauka in amfaninsa ya ƙare. Mazhabar da ke da tsanani a kan kada a taɓa waƙafi, da ta zo kan abin hawa sai ta sassauta. Dalilin a fili yake. Wanda ya tsayar da doki don Allah ba wannan fata da waɗannan ƙasusuwa yake nufi ba, sukuwar yake nufi. Riƙe dokin da ba ya tashi, ana ba shi harawa don girmama mai waƙafi, tozarta niyyarsa ne.

Wannan ba tsohon zance ba ne a Jahun. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki da babban asibitin garin a sashen haihuwa da na masu yoyon fitsari, mata na zuwa daga ƙauyukan Jigawa da maƙwabtanta, kuma duk ma'aikacin wurin ya san abin da ke raba mai rai da gawa sau da yawa shi ne awannin da aka ɓata ana neman mota. Shi ya sa gwamnatin jihar ta taɓa raba wa ƙauyuka motoci a shirin Haihuwa Lafiya, shi ya sa kuma aka jawo direbobin ƙungiyar NURTW cikin aikin ɗaukar masu naƙuda. Motar da gari ya tara kuɗi ya saya, ko wani bawan Allah ya bayar sadaka don wannan aiki, ita ce dokin Risala a yau. In injinta ya buga, kwamitin da ke riƙe da ita ba shi da hurumin tsayawa kan son asali. Abin da zai tambaya shi ne wanne zai tashi da ƙarfe biyun dare a cikin damina, kuma wanne ne bakaniken Jahun zai iya gyarawa ba sai an jira wani daga Kano ba. Tambaya ta biyun nan takan kayar da injin zamani mai kwamfuta, komai ƙarancin shan mansa.

Ga mai motar kansa kuwa, in uwar injin ba ta tsage ba kuma karanshaf yana da sauran yanka, gyara ya fi rinjaye, kuma ba don tausayin ƙarfe ba. Injin da ke hannunka ka san tarihinsa, ka san sau nawa ya yi zafi, ka san man da ya sha. Na shago ba ka san komai a kansa ba sai abin da mai son kuɗinka ya faɗa. Kuɗin gyara kuma kaso mai yawa a gida yake tsayawa, wurin mai yanka da bakanike da yaransa da ke koyon aiki a kan wannan injin. Amma in uwar ta fashe, ko an yi aiki sau biyu yana komawa, nacewa ta zama zuba kuɗi a rami, kuma an hana tozarta dukiya. A nan sauyawa ba cin amanar kowa ba ce.

Inda cin amana yake shi ne ranar sayarwa. Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa labarin jirgin Theseus wani ƙulli a 1655: a ce wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa har ya haɗa su ya tayar da jirgi, wanne ne na asalin? A wurinsa tambaya ce ta tunani, a kasuwar kayan gyara kuwa abin da ke faruwa ne kullum. Tsohon injin da aka sauke ba lalle ya tafi wurin 'yan gwangwan a auna shi a kilo ba. Wani zai saye shi, ya yi masa rin da metal, ya fesa masa fenti, ya ajiye shi a shago da sunan Beljiyam. Ta haka lambar injin da ke rubuce a takardun wata mota a Dutse take yawo a cikin wata motar a Gumel, dukansu biyu kuma za su sha tambayoyi ranar da jami'i ya buɗe bonet ya gwada da takarda. Maganin wannan sananne ne, a riƙe rasit, a je ofishin lasisi a gyara takardu.

Na lahira ya fi wannan sauƙin faɗa, ya fi shi wuyar yi. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Bonet ma rufe abin da ke ƙasa yake yi. Mai sayar da 504 ba a neme shi ya warware gardamar Plutarch ba, an neme shi ne ya ce wa mai saye, "Malam, injin nan ba nata ba ne, na ɗora shi bara," ko "an yanka karanshaf sau biyu, babu sauran yanka," ko "baƙin man nan mai kauri na zuba don hayaƙin ya ragu." Farashi zai sauka, dillali zai ɓata rai don la'adarsa ta ragu, mai saye kuma zai ja motar ya tafi ya san lokacin da ya kamata ya fara tara kuɗin inji na gaba.